Ina Ƙurar Ta Ke Zuwa?

Ina da wata 'yar magana a kan tsintsiya.

Tun ina yaro a makarantar mishan aka koya mini cewa ɗakin da aka share shi ne mai tsabta. Ban taɓa musun wannan ba sai da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare cikin hunturu. Kowace safiya yara su kan share aji, tagogi a rufe saboda sanyi. In na shigo sai in tarar da daɓe fes, amma inda hasken rana ya ratso ta ƙofa, ƙura ce ke tashi sai ka ce hayaƙi. Kafin a gama kiran suna, tari ya cika aji. Akwai wata yarinya mai ciwon fuka, ita kam sai an fitar da ita waje kana numfashinta ya komo daidai. Ran nan na tambayi kaina, shin ƙurar nan da mu ke sharewa, ina ta ke zuwa? Ashe huhun yara mu ke kai ta.

Ƙurar gida fa ba ƙasa kaɗai ba ce. A cikinta akwai zaren tufafi, da toka, da ɓawon fatar jikinmu, da waɗansu ƙwari ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna zaune cikin katifa da matashin kai, sun fi yawa da damina domin suna son laima, kashinsu kuwa ya kan tayar da fuka da atishawa. Da hunturu kuma iska ta kan kwaso mana hazo tun daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Mu kuwa sai mu toshe taga, mu shigo da kaskon gawayi, mu kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.2 suka mutu a shekarar 2020 kaɗai saboda gurɓatar iskar cikin gida, watau galibi hayaƙin itace da gawayi da kananzir.

Wataƙila wani ya ce ai gyaran iska sai masu kuɗi. Gaskiya ne a Amurka gidaje da yawa suna da bututu mai kai iska mai ɗumi ko sanyi ɗaki-ɗaki, har akwai masu sana'ar share shi. To, amma Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta ce ba a tabbatar sharar bututun tana hana ciwo ba, sai dai a yi ta in ya yi fumfuna, ko ƙwari sun shiga, ko ya toshe. Mu namu maganin ko talaka yana da shi. A buɗe taga, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, a shanya katifa da tabarma a rana, a kakkaɓe su waje. Mai fuka kada a ba shi tsintsiya. Gawayi kuwa kada ya kwana cikin ɗaki.

Saboda haka ina roƙon malamin da ke duba ɗakunan kwananmu ya riƙa duba taga da katifa, ba daɓe kaɗai ba. Gobe mu ne za mu riƙe aji, abin da yaro ya ga malaminsa na yi kuwa shi zai kai wa uwarsa gida. Allah ya ba mu lafiya, amin.