Mota Mai Arahar Saye, Ko Mai Sauƙin Riƙo?

A wannan wata za mu yi magana a kan sayen mota, gama cikin abubuwan da iyali ke saye, in an ɗebe gida da fili, babu abin da ya kai mota cin kuɗi. Da yawa cikinmu sukan yi shekara da shekaru suna tari, wani ya shiga adashi, wani ya ci bashi a wurin aiki. Ranar da kuɗi suka cika sai a nufi wurin dillalai, a yi tambaya guda: "Nawa ce?" Amma akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ta fari nauyi, ita ce: "Nawa za ta riƙa ci kowace shekara bayan na kai ta gida?" Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa. Kuɗin riƙo kuwa, muddin motar tana ƙofar gidanka, kana cikin biya.

Abin da Peugeot 504 ta koya mana

Dattawa cikinmu za su tuna da zamanin Peugeot 504. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a wannan shekara kuma aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas. An ci gaba da yin 504 a Kaduna har bayan shekarar 2000. Malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati da direbobin haya duka sun hau ta, sun kuwa yabe ta. Me ya jawo mata wannan yabo? Ba domin ba ta lalacewa ba ne, gama tana lalacewa kamar kowace mota. Abin da ya sa shi ne, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, tana jure hanyar ƙauye, kowane bakanike ya san cikinta da bayanta, kayan gyaranta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu. In ta tsaya maka a kan hanya da safe, sau da yawa kafin yamma ka tashi.

Zamani ya sake. Yawancin motocin da iyalai ke saye yanzu tsofaffi ne daga Amurka, Kanada da ƙasashen Turai, waɗanda muke kira Beljiyam ko tokumbo. Kayan gyaransu ma daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin wannan, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kowace fitila, kowane shokozoba, kowace taya ta bi dala ta hau. Saboda haka darasin 504 ya fi amfani yau fiye da dā: motar kirki ita ce wadda bakaniken garinku ya sani, wadda kuma kayanta ke kusa.

Lissafin mai

Bari mu fara da mai, domin shi ake saye kowane mako. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin kwanaki kaɗan, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura naira 1,000 a Abuja. Tun daga nan shan man mota ya zama babban abin dubawa.

Ga misali, ku ɗauki fensir mu yi tare. A ce kana tafiyar kilomita 15,000 a shekara. Mota ta ɗaya ƙarama ce mai silinda huɗu, tana shan lita 8 a kowace kilomita 100. A shekara ta sha lita 1,200 ke nan. Mota ta biyu babba ce mai silinda shida, tana shan lita 13 a kilomita 100, watau lita 1,950 a shekara. Bambancinsu lita 750. In muka ce lita naira 900 ce, bambancin ya kama naira 675,000 a shekara, cikin shekara biyar kuwa naira 3,375,000. To, a ce dillali ya sa wa ƙaramar naira miliyan 9, babbar kuma miliyan 7 domin masu nemanta ba su da yawa. Wanda ya ɗauki babbar yana murna ya tsira da miliyan 2, kafin shekara uku ta cika gidan mai ya karɓe su sarai. Ba a ma zo maganar gyara ba tukuna.

Suna kaɗai bai isa ba

Mutane sukan ce, "Sayi Toyota ka huta," ko "Honda ba ta ba da kunya." Akwai gaskiya a ciki. Toyota ta fara yin Corolla a 1966, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Yawan nan ne ya sa ko'ina ka shiga akwai kayanta, akwai kuma wanda ya iya gyaranta. Amma fa kowane kamfani yana da 'ya'ya masu ƙoshin lafiya, yana da marasa lafiya. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya ƙara wa masu ita wa'adin gyara a Amurka. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci fiye da miliyan ɗaya a mayar domin gyaran giya otomatik, cikinsu har da Accord mai silinda shida. Don haka kada ka tsaya ga sunan kamfani. Ka tambayi samfurin, da shekarar, da irin injin, da irin giyar.

Ga wani abu da masu saye ba su cika tambaya ba. A cikin kowane inji akwai abin da ke daidaita juyin sama da na ƙasa. A waɗansu motoci bel ne na roba, wanda makanikai ke kira tayimin bel, a waɗansu kuma sarƙa ce ta ƙarfe. Bel yana da wa'adi. Kamfanoni sukan ce a canza shi daga wajen kilomita 90,000 zuwa 160,000, gwargwadon injin. A injuna da yawa, in ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yakan bugi bawul, gyaran 'yan dubbai ya koma na sauke inji. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin lita 1.8 sarƙa gare ta, Accord mai silinda shida kuwa bel. Ba laifi ba ne sayen mai bel, amma ka sa kuɗin canza shi cikin lissafi tun ranar fari, tun da yake ba ka san ranar da mai ita na dā ya canza ba.

Sai manyan motocin alfarma, irin su Mercedes-Benz da BMW. Motoci ne masu daɗin hawa, ba mai musu. Sau da yawa za ka ga tsohuwarsu ta yi araha ƙwarai, har ta kusa farashin Corolla. Dalili kuwa, masu saye sun san abin da ke gaba. Mota ce ta tsufa ta sauko, kayan gyaranta ba su sauko tare da ita ba. Cike take da na'urorin lantarki, sai bakanike mai kwamfuta ya iya gane ciwonta, irinsa kuwa ba a kowane gari yake ba. Wanda zai iya ɗaukar wannan nauyi, ba a hana shi ba. Amma mai albashin wata ya yi tunani sau biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Je kasuwar kayan gyara tukuna

Shawarata ita ce, kafin ka je wurin dillali, ka fara zuwa kasuwar kayan mota. Mutumin Kano ya je Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya je Panteka, na Jos ya leƙa Farin Gada, na Abuja ya je Apo. Ka rubuta sunayen motoci biyu ko uku da kake so, ƙarƙashin kowace ka tambayi farashin waɗannan: takalmin birki, shokozoba, famfon mai, lagireto, fitilar gaba, batir, taya guda, giyabos, da injin Beljiyam. Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, nawa aka ce. Na biyu, an ɗauko maka nan take, ko an ce sai an aika Ladipo a Legas? Kayan da sai an aika, kwanakin jira ma kuɗi ne, gama motar tana gareji, kai kuma kana biyan kuɗin haya kai yara makaranta. Ka dubi girman taya kuma. Taya mai inci 15 da mai inci 18 ba farashinsu ɗaya ba, huɗu kuwa za ka saya.

Daga nan ka zauna da bakanike mai gaskiya ka tambaye shi, "Malam, cikin waɗannan wacce ce ba ta cika kwana a garejinka ba? In ta zo kuma, me yakan kawo ta?" Amsarsa ta fi ta dillali amfani, domin dillali la'ada yake nema, bakanike kuwa shi zai zauna da kai bayan ciniki.

Ranar dubawa

Motoci biyu samfuri ɗaya, shekara ɗaya, suna iya bambanta kamar dare da rana, gwargwadon yadda aka riƙe su. Ka tafi da bakaniken ka, ka biya shi ladan yininsa. Ku je da sassafe, a tayar da injin yana da sanyi, gama injin da ya yi zafi yakan ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, ko wani abu kamar madara a murfin baƙin mai, alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a duba, in akwai tsatsa, laka ko warin danshi, mai yiwuwa motar ta sha ambaliya a can kafin a kawo ta. Irin wannan wayoyinta ba sa daina damun mutum.

Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya. Mil 100,000 wajen kilomita 161,000 ne, kada lambar ta ruɗe ka. Akwai kuma masu mayar da lambar baya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba. Da wannan lamba, in daga Amurka motar ta fito, ana iya bincika tarihinta a intanet, a ga ko ta taɓa yin babban hatsari da tafiyar da aka rubuta mata. A gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta yana da kyau, ba abar amincewa ba ce a zafin kwaltarmu. A ƙarshe a tabbatar da takardun kwastan, domin motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya kama ta a hanya. Inshora ma a sa ta cikin lissafi: tun 1 ga Janairu 2023 mafi ƙanƙantar inshorar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara.

Ku zauna ku biyu

Maigida, kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai. Uwargida ta san abin da tukunya ke ci a wata, ta kuma san lokacin da kuɗin makaranta ke zuwa. Ku zauna ku rubuta lissafin shekara biyar ga kowace mota: kuɗin saye, kuɗin mai, canjin baƙin mai da matatu, taya da batir, takardu, da wani abu domin babban gyara guda. Sa'an nan ku cire abin da kuke tsammani za ku samu in kun sayar. A nan ma motar da kowa ke nema ita ke gaba, gama ranar da bukata ta taso za ta sami mai saye da wuri. Abin da ya rage shi ne ainihin farashin motar. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.

Kada kuma ku zuba dukan abin da kuka tara a kan saye. Ku ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin goma domin gyaran fari. Bayan haka riƙo ya rage gare ku: a canza baƙin mai a kan kari, a kakkaɓe ko a sake matatar iska lokacin hunturu saboda ƙura, a zuba ruwan lagireto na ainihi maimakon ruwan rijiya, a sa wa giya irin man da kamfani ya rubuta. In lissafi ya nuna cewa motar za ta ci kuɗin makarantar yara ko na asibiti, to, ba abin kunya ba ne a ƙara haƙuri shekara ɗaya, ko a nemi ƙarama. Maƙwabta za su yi kallon sabuwar mota kwana uku su manta, amma gidanka ne zai ciyar da ita.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.