Mataji, Buta da Darasin da Hunturu ke Koyarwa Kyauta

Wani ɗalibi daga Gwaram da ke shirin jarrabawar JAMB ya aiko mini da tambaya a makon jiya. Ya ce ya haddace lissafin abin da littafin fiziks ke kira daifol, amma har yau bai san abin da yake lissafawa ba. Na ji tausayinsa, domin haka aka yi mana muna makaranta: a cika allo da alamomi, a ce mu kwafa.

Daifol abu ne mai kai biyu. Kai ɗaya na ɗauke da cajin tarawa, ɗayan da cajin ɗebewa daidai da shi, ga 'yar tazara a tsakaninsu. Idan aka sa shi cikin filin lantarki, wato yankin da ƙarfin wani caji ke kaiwa, sai a ja kai ɗaya gaba, a ja ɗayan baya. Mai karatu ya ɗauka sanda ce a kwance kudu da arewa, mutum ɗaya yana jan kanta gabas, wani yana jan gindinta yamma, ƙarfinsu ɗaya. Sandar ba za ta bar wurin ba, juyawa kawai za ta yi har ta miƙe gabas da yamma, sannan ta tsaya. Murɗawar ta fi tsanani sa'ad da sandar ke gicciye, tana raguwa har ta ƙare idan ta miƙe. Wannan shi ne duk abin da lissafin nan yake faɗa.

Amma idan filin ya fi ƙarfi a gefe guda, labari ya canza. Kan da ya fi kusa da tushen cajin ya fi jin ja, saboda haka bayan juyawa sai daifol ɗin ya tafi can gaba ɗayansa.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a ga haka. Kowace ƙwayar ruwa daifol ce: gefen oksijin yana da cajin ɗebewa, gefen haidurojin biyu yana da na tarawa, kuma ƙwayar a lanƙwashe take da kusurwar digiri 104.5. Peter Debye, ɗan ƙasar Holan, shi ya yi zurfin bincike a kan irin waɗannan ƙwayoyi, har ya sami kyautar Nobel a 1936. A goga matajin roba a busasshen gashi, a tsiyayo ruwa siriri daga buta, a kusantar da matajin ba tare da ya taɓa ruwan ba. Ruwan zai karkato zuwa ga matajin ƙiri-ƙiri. Gaskiya ba juyawar ƙwayoyin ruwa kaɗai ke aikin ba. Gishirin da ke narke a ruwan rijiya ma yana ɗauke da caji, kuma shi ma yana matsawa. Duk da haka ƙa'idar ɗaya ce: caji kishiyar na mataji ya taru a kusa, ja ya rinjayi turi.

A Birnin Kudu da Gwaram, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu ta bushe ƙayau, caji yana daɗewa a jikin roba. Malami a Legas ko Fatakwal zai sha wahala da wannan gwaji saboda laima tana kwashe cajin. Mu kuwa an ba mu yanayin a banza, amma a ganina malamai da yawa sun mai da rashin kayan aiki uzurin da ya rufe har gwajin da bai fi kuɗin mataji ba. Garin da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yi wa suna a fagen ilmi bai kamata a bar 'ya'yansa da hadda zalla ba.

Ɗalibin nan na ce masa ya jarraba da butar alwalar gidansu bayan sallar azahar, lokacin da iska ta fi bushewa, ya kuma sake gwadawa a watan Agusta ya rubuto mini bambancin da ya gani.