GUMIN TAFINTA BA SADAKA BA NE

A Bagudo, Illo, Tsamiya da Lolo akwai matasan da Allah ya hore wa harshe: ga Hausa, ga Dandanci, ga Fulatanci, wasu har da Faransanci. Su ne ke tsayawa tsakanin ɗan kasuwar Kabi da jami'an Jamhuriyar Benin a hanyar Segbana ko kasuwar Malanville, su karanta masa takardar kwastan, su fassara masa ciniki. Amma da zarar an zo maganar lada, sai a ji maigida ya ce: “Bari kaya su fito tukuna.” Kaya su fito, a sayar, a ci riba, tafinta kuwa yana ta sintiri a ƙofar shago kamar mai bara.

Wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan mutunci. Kuma ba a bakin iyaka kaɗai yake ba. A wajajen 2011 wani kamfanin Amurka, Digital Manga, ya fito da tsarin da masu fassara littattafan zane na Japan, waɗanda ake kira manga, za su yi aiki ba a ba su ko sisi ba, sai littafi ya sayu sannan a yanka masu kaso. Wato in an yi asara, mai fassara ya yi aikin banza kenan. Salon ɗaya ne da na maigidan Tsamiya: a ɗora wa mai rauni kasadar da mai jari ya kamata ya ɗauka.

Jinkirin kansa cuta ne. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kaya sun maƙale, wanda ladansa ke rataye da fitowar kaya ya tashi a tutar babu. Daga Yunin 2023 kuma, da aka saki Naira, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, alhali Sefa tana ɗaure da Yuro. Wanda aka riƙe wa ladansa na Naira shekara guda, ko an biya shi cif, abin da zai saya da kuɗin a Malanville bai kai rabin na da ba. Wa ya cinye ragowar?

Masu wannan hali kan kafa hujja da cewa su ma bashi ake bin su. To, tafinta abokin tarayya ne? In abokin tarayya ne, a raba riba da shi. In ɗan ƙwadago ne, Shari'a ta shar'anta a san ladan ijara kafin a fara aiki, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi.

Saboda haka ya rage wa 'yan uwa matasa su daina jin kunyar abin da yake haƙƙinsu. A yanke lada kafin a buɗe baki, a fayyace ko Naira ce ko Sefa, a sa ranar biya, a rubuta a gaban shaidu biyu, a karɓi kafin alƙalami. Wanda ya cinye gumin ɗaya, sauran su ƙaurace masa har sai ya biya. Ɗan uwan da ya zama maigida kuma, ya sani akwai ranar da ba a cewa “dawo gobe”.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin raunana.