Kafin a saka keji a Tafkin Legas

Duk lokacin da aka taso da maganar rage shigo da kifi daga ƙetare, sai ka ji masana da 'yan kasuwa suna nuna tafkunan gaɓar teku, musamman Tafkin Legas, a matsayin wurin kiwon kifi cikin keji. Shawarar tana da kyau, amma kafin a zuba jari ya kamata a san abin da ke kwance a ƙasan ruwan.

Tafkin gaɓar teku ya bambanta da kogi. Ruwansa ba ya gudu sosai, kuma mashigarsa zuwa teku ƙunƙuntacciya ce. Saboda haka dattin masana'antun Ikeja da Apapa da Ilupeju, da abin da Kogin Ogun ya kwaso, yakan lafa a cikin laka. Dalma da zaiba da kadmiyam ba sa ruɓewa kamar shara. Ƙananan halittun cikin laka su ci, jatan lande da kaguwa su ci su, kifi ya cinye waɗannan, daga nan sai tukunyarmu. Masu haƙar yashi kuma suna sake tayar da abin da ya kwanta.

Babban haɗarin shi ne gubar ba ta nuna kanta. Karfasa ko tarwada za ta fito da ƙiba da sheƙi, kuma dafawa ko ƙyafewa ba sa fitar da ƙarfen daga tsokarta. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda muka gani a Zamfara a 2010. Kadmiyam yana lalata ƙoda da ƙashi. Zaiba kuwa, labarin garin Minamata na Japan ya isa darasi: kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zubar da ita a ruwa, har aka gano cutar a 1956 bayan ta nakasa iyalan masunta. Sunan garin ne aka raɗa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba.

Ruwa ba ya tsami banza. Don haka hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da takwararta ta Jihar Legas, su tilasta wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi. Kada a ba da izinin kafa keji sai an auna ruwa da laka da naman kifin wurin, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Jami'o'inmu suna da masanan da za su yi wannan aiki.

Masuncin Makoko da mai sayar da kifi a Epe su ne za su fara asara idan kasuwa ta guje musu. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba kuwa, da irin wannan kifi suke yin miya kullum.