Littattafan Malaman Karofane Da Ma'ajiyarsu

A Karofane, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, gidan malami ne gidan tarihi. Tsofaffin littattafan ajami na can cikin gafaka da adaka, wasu an nannaɗe su da jarida, an cusa a leda don gudun gara. Niyya mai kyau ce, amma ɓarnar na nan. Takardar jarida na da tsami, tana sa ta kusa da ita ta yi ja ta dinga karyewa. Leda kuwa da damina gumi take tarawa, fumfuna ta biyo baya.

Gane kayan ajiya masu ɓarna ba shi da tsada. A 1973 Andrew Oddy na gidan tarihin Birtaniya ya fito da gwaji: a rufe ɗan yankin katako ko ƙyalle a kwalba da ɗan ruwa, tare da ƙananan faranta na azurfa, jan ƙarfe da dalma, a zafin digiri 60 har kwana 28. In ƙarfen ya dafe, kayan ba su dace da ajiya ba.

Ya kamata gidan tarihin Boubou Hama na Yamai ya gwada kayan da ake samu a kasuwannin yankin Karofane, sannan ya sanar da malamai waɗanda za su saya.