FILIN KIƊA DA WAƘA: Gardamar Daren 6 ga Maris, 1971

 

A wannan wata za mu taɓo wata gardama ce wadda aka fi shekara 50 ana yin ta a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango na nan Ankara har zuwa Aboabo ta Kumasi, kuma har yau ba a raba ta ba. Duk inda dattawan da suka yi samartaka a farkon shekarun 1970 suka zauna, in hira ta yi hira, sai ka ji an dawo kanta: shin wa ya ci dare a wasan Soul to Soul? Wilson Pickett ne, ko Tina Turner, ko kuwa Santana?

Ga yaranmu da ba su san zancen ba, ga yadda abin yake. Ranar Asabar 6 ga Maris, 1971, ƙasarmu Gana ta cika shekara 14 da samun mulkin kai. Sai aka shirya gagarumin wasa a dandalin Black Star da ke bakin teku, aka ciko jirgi guda da mawaƙa da makaɗa daga Amurka. Akwai Wilson Pickett, da Ike da Tina Turner, da ƙungiyar Santana, da Roberta Flack, da Staple Singers, da Les McCann tare da Eddie Harris, da wasu yara mawaƙa da ake kira Voices of East Harlem. Daga nan gida kuma akwai Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, da sauransu. An fara da yamma, ba a tashi ba sai da gari ya waye, wajen awa 14 ke nan ana abu ɗaya, kuma masu ƙiyasi sun ce jama'ar da ta taru ta kai 100,000.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata mu tuna halin da zango yake ciki a lokacin. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takardun zama, ta ba su mako 2 su bar ƙasa. Dubban mutane suka tattara nasu ya nasu suka nufi Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Aka rufe ɗakuna, aka sayar da rumfunan kasuwa a wulaƙance, wanda aka haifa a nan ma sai ya riƙa tafiya yana waige. Bai fi wata 16 da wannan ba aka yi wasan. To, saurayin zango da ya sa wandonsa mai faɗin ƙafa, ya taje sumarsa, ya sulale daga gida ba da sanin mahaifinsa ba, ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Ga da Asante da Ewe har asuba, abin da ya samo a wurin ya wuce kiɗa. Ya samo dare guda wanda a cikinsa shi ma ɗan ƙasa ne kamar kowa. Mu a ganinmu wannan shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa.

Masu gardamar sun kasu uku. Kashi na farko 'yan Pickett ne, kuma su suka fi yawa. Hujjarsu ita ce shi aka sani tun kafin ya zo, fayafayansa irin su In the Midnight Hour sun riga shi isowa. Suna cewa mutumin da zai hau dandamali bayan jama'a sun kwana a tsaye, ƙafafu sun kumbura, amma ya sa su manta da gajiya har samari su riƙa hawa suna rawa tare da shi, ai ba a haɗa shi da kowa. Wanda ya kalli fim ɗin wasan zai ga lallai an yi hakan.

Kashi na biyu 'yan Tina ne. Su abin da ya tsaya musu a rai shi ne ba su taɓa ganin mace ta riƙe makirfo ta mallaki fili haka ba, ita da 'yan matan da ke rawa a bayanta. Daidai wannan lokaci waƙarsu Proud Mary tana tashe a Amurka, waƙar da asalinta ta ƙungiyar rok ce mai suna Creedence Clearwater Revival, wadda ta fitar da ita a 1969. A wannan shekara ta 1969 ɗin ma Ike da Tina sun yi yawon wasa a Amurka tare da Rolling Stones. Saboda haka 'yan Tina sukan ce ita ce ta fara nuna musu cewa kiɗan sol da kiɗan rok 'yan ɗaki ɗaya ne.

Kashi na uku su ne 'yan Santana. Ba su da yawa, amma sun fi kowa taurin kai, kuma in za mu faɗi gaskiyarmu, muna tare da su. Carlos Santana haifaffen Meziko ne, yana da shekara 23 a lokacin, kuma sunansa bai daɗe da fitowa ba, don sai a wasan Woodstock na 1969 duniya ta san shi. Shi ba gwanin murya ba ne, gita ce bakinsa. Da yawa daga cikin samarinmu na wancan zamani Turancinsu na kasuwa ne, ba kowace kalmar Pickett suke kamawa ba. Amma da gangunan Santana suka tashi, ga Willie Bobo yana zuba musu wuta, sannan gita ta shigo tana jan sauti ɗaya tana kuka da shi, ba wanda ya nemi tafinta. Kunnen da ya saba da goge, ko na Hausa ko na Dagomba, ya san wannan kukan. Shi ya sa har yau in aka sa Black Magic Woman a wani gida a zango, za ka ga dattijo ya yi shiru ya runtse ido.

Akwai kuma dalilin da ya sa kiɗan ya yi kama da na gida. A faifan farko na Santana, na 1969, akwai wani kiɗa mai suna Jingo. Mai shi na asali shi ne Babatunde Olatunji, ɗan yankin Badagiri, wanda ya ɗauke shi a Amurka tun 1959. Dogayen gangunan da suke kaɗawa kuwa daga Kuba suka fito, inda jikokin bayin da aka kwasa daga wannan gaɓar teku tamu suka riƙe kiɗan kakanninsu. Wato kaya ne suka fita ta teku, suka yi ɗaruruwan shekaru a waje, suka dawo da wutar lantarki a jikinsu.

A nan ne za mu amsa wa 'yan'uwanmu masu cewa rok kiɗan Turawa ne, me ya haɗa ɗan zango da shi. Gaskiya ne Turawan Ingila da na Amurka su suka fi cin moriyarsa. Amma tushensa kiɗan baƙaƙen Amurka ne, irin su Muddy Waters da Chuck Berry da Little Richard. Su kansu Rolling Stones daga sunan wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Kuma manyan makaɗan rok sun san inda rijiyar take, shi ya sa suka riƙa biyo sawu. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya ratsa hamadar Sahara da mota a 1971 ya sauka Legas, ya yi aiki da Fela. Paul McCartney a Legas ya ɗauki faifansa Band on the Run a 1973. Mick Fleetwood kuwa nan Ankara ya zo a 1981 ya ɗauki faifansa The Visitor tare da makaɗanmu na gida, kuma ƙungiyarsa Fleetwood Mac ita ce ta fara yin Black Magic Woman a 1968 kafin Santana su ɗauka a 1970.

Mu ma ba zaman 'yan kallo muka yi ba. A Landan, a 1969, 'yan Gana uku, Teddy Osei da ƙaninsa Mac Tontoh da Sol Amarfio, suka haɗu da 'yan tsibiran Karibiyan da ɗan Nijeriya suka kafa Osibisa. Faifansu na farko, mai hoton giwaye masu fukafukai, ya fito a 1971, ya kuma shiga jerin waɗanda aka fi saye a Ingila. A wasan Soul to Soul ɗin kansa akwai wata ƙungiyar rok ta samarin Ankara mai suna Psychedelic Aliens, kuma abin dariya, ƙarshen sunan nasu shi ne kalmar da dokar Busia ta kira baƙi da ita. Fayafayansu sun ɓace har sai 2010 da wani kamfani a Amurka ya tono su ya sake bugawa. Haka nan wani makaɗin duma daga arewacin ƙasar nan, Amoa Azangio, ya hau dandamali ya kaɗa tare da Les McCann da Eddie Harris, ba wanda ya rena wani.

To, in haka abin yake, me ya sa yaranmu ba su san wannan duka ba? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba a cika shekara da wasan ba soja suka kifar da Busia a Janairun 1972. Tattalin arziki ya yi ta lalacewa, kayan kiɗa suka yi tsada. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1981, aka sa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗi kuwa da dare yake ci. Wasu suka tafi Legas, wasu Jamus da Ingila, wasu suka koma coci inda aka bar musu kayan aiki. Gidajen rawa suka koma sa kaset maimakon ɗaukar ƙungiya. Yaron da ya tashi bayan wannan bai san yadda ake tsayawa gaban makaɗa 8 suna zufa ba.

Ga inda damuwarmu take. An yi fim ɗin wasan, Denis Sanders ya shirya shi, ya fito a 1971, aka kuma sake fitar da shi a faifan DVD a 2004, ko da yake an cire wasan Roberta Flack bisa buƙatarta. Fim ne mai kyau, amma labarin baƙi yake bayarwa: saukarsu daga jirgi, da ziyarar da suka kai kurkukun bayi na bakin teku, da hawayensu. Dubban fuskokin da ke cikin taron kuwa ba a tambaye su komai ba. Yadda ɗan Nima ya tara kuɗin tikiti, da yadda ɗan Kumasi ya kwana a mota don ya iso, da abin da mahaifi ya ce da aka dawo gida rana ta fito, duk wannan yana cikin kawunan dattawa ne kawai.

Kuma kai ba littafi ba ne. Mun sha jin wanda zai rantse cewa ya ga James Brown a dandalin a wannan dare, alhali bai zo ba, Legas ya je a 1970. Mun ji mai cewa Jimi Hendrix ya kaɗa, alhali ya rasu tun watan Satumba na 1970. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, shekaru ne suke cakuɗa faifan da aka ji da wasan da aka gani. Su ma waɗanda suka hau dandamalin suna ta tafiya: Wilson Pickett ya rasu a 2006, Ike Turner a 2007, Tina Turner a 2023, Roberta Flack a 2025. Cikin 'yan Osibisa, Mac Tontoh ya rasu a 2010, Sol Amarfio a 2022, Teddy Osei a 2025. Saurayin da yake da shekara 18 a daren nan, yau ya haura 70. Duk wanda muka kai makwanci daga cikinsu, da nasa kason labarin muke rufe shi.

Saboda haka ga roƙonmu ga samari da 'yan mata. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku sami Baba ko Kawu ko Gwaggo bayan sallar la'asar, ku kawo shayi, ku ce, "Baba, a ba mu labarin Soul to Soul." Kada ku katse shi, kada ku gyara masa ko da ya ce ya ga James Brown, gyara aikinmu ne daga baya. Ku tambaye shi da wa ya tafi, me ya sa a jikinsa, a ina ya tsaya, wa ya fi burge shi. Kada ku manta da iyayenmu mata, don akwai waɗanda suka je, akwai kuma waɗanda suka sayar da wake da shinkafa da koko a bakin hanya suna jin komai. In akwai tsohon faifai a ƙarƙashin gado, ko hoto, ko guntun tikiti, a fito da shi a kakkaɓe kafin damina ta gama da shi.

Abin da kuka samo ku aiko mana ta ofishin wannan mujalla, da Hausa ko da Turanci, za mu riƙa bugawa a wannan fili kaɗan-kaɗan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. 'Yan Pickett da 'yan Tina kuma, mun san ba za ku bar mu mu sha ruwa ba a kan hukuncin da muka yanke, to ga fili ga mai doki, muna jiran wasiƙunku.

Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.