Sai Yaushe Ake Yaye Almajiri?

Kwanakin baya, a wani zama na wannan ƙungiya tamu, na kawo shawarar a shirya lacca a kan tarihin 'yan mishan na Katolika a Arewa. Kafin in rufe baki wani ɗan'uwa ya yi wuf ya ce, "Me ya haɗa kifi da kaska?" Aka bushe da dariya, aka wuce. To, ni dai ban wuce ba, ga amsata.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙasa da harshe. Tun cikin 1711 wasu fada biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan, waɗanda suka ratso Sahara daga Tarabulus, suka rasu a Katsina. A yau kuwa Kano da Jigawa duk suna ƙarƙashin bishop ɗin Katolika na Kano, kuma cikin mabiyansa akwai jikokin Maguzawa, Hausawa ziryan, masu addu'a da harshen da muke nazari. Ashe ɗalibin Hausa zai ce ba ruwansa?

Bari in ɗauki ƙungiyar da ta kafa cocin Katolika a yawancin Arewa, wato Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA. Wani bishop Bafaranshe, Melchior de Marion Brésillac, shi ya kafa ta a birnin Liyon ran 8 ga Disamba, 1856. Kafin nan ya yi aiki a Indiya, inda ya saɓa da abokan aikinsa a kan batun bambancin asali da kuma naɗa 'yan ƙasa su zama fada, har ya ajiye muƙaminsa a 1855. Aƙidarsa ita ce baƙo ya shuka, ya horar da ɗan gida, sannan ya ja da baya. Bai ga amfanin gonarsa ba. Ya sauka Saliyo cikin Mayu 1859, zazzaɓin shawara ya kashe shi ran 25 ga Yuni na wannan shekara, bayan ya ga mutuwar yawancin abokan tafiyarsa. Wannan sadaukar da rai, ko maƙiyi ba zai musa ba.

Amma ku duba abin da magadansa suka yi da wasiyyar. Sun sauka gaɓar Dahomi a 1861. Ba a naɗa fadan Katolika ɗan Nijeriya na farko ba, wato Paul Emecete, sai 1920. Shekara 59 ke nan. Sun kafa mishan a Shendam a 1907, amma babbar makarantar horar da fada ta Arewa, St. Augustine da ke Jos, sai 1967 aka buɗe ta. Shekara 60 cur. Abin da ya fi ɗaure kai, ita kanta SMA ba ta yanke shawarar karɓar baƙar fata su zama membobinta ba sai a babban taronta na 1983, shekara 127 bayan kafuwarta. Ƙungiya mai sunan Afirka, ba ɗan Afirka a cikinta!

Na san uzurin da ake kawowa. Ana cewa horon fada doguwar hanya ce: yaro ya yi ƙaramar makaranta, ya shiga babba, ya karanta falsafa, ya karanta tauhidinsu, da can ma har da Latin, ga alkawarin zama ba aure. Ana kuma cewa sun ƙi ɗibar samari zuwa ƙungiyarsu ne don kada su rage wa cocin gida ma'aikata. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Amma tsawon karatu shekaru ne da ake ƙirgawa da yatsu, ba ƙarni ba. Kuma wa ya nemi ra'ayin samarin? "Ba su isa ba tukuna" ita ce maganar da Turawan mulki suka riƙa yi mana har aka kai 1960.

A garinmu Unguwar Ya, maƙeri yakan riƙe yaro yana zuga, yana miƙo gawayi, har hannunsa ya faɗa. Daga nan sai ya kafa masa uwar maƙera tasa, ya sa masa albarka. Haka malamin allo yake yi wa gardi in ya sauke. Wanda ya riƙe yaro a kan zuga har ya yi furfura, ba a kiransa gwani, cewa ake yi yana tsoron kishiya.

Wannan tambaya ta shafi kowane mai koyarwa, har da mu da za mu riƙe alli gobe. Don haka ina sake miƙa shawarata. A shirya laccar, kuma ƙungiya ta tura mu ƙauyukan Kano da Jigawa mu ɗauko labari daga bakin dattawan da suka ga zuwan fada da idonsu, tun ba su ƙare ba. In muka ƙi, baƙo ne zai sake rubuta mana, mu kuma mu saya da tsada.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.